Kwamfutar da ba ta tashi sai hantsi: yadda na gyara akwatin wutarta

Kwamfutar tebur ce ta gwanjo, da ita nake tsara katin biki da kalanda da takardun makarantun Islamiyya a ɗakina a Fadaman Mada, nan cikin Bauchi. Da hunturu ya kankama sai ta ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. In na danna maɓalli da sassafe, fanka ta ɗan motsa ta tsaya, wani lokacin ma ko motsin babu. Sai hantsi ya yi, ɗaki ya ɗumama, sannan ta tashi kamar ba ita ba. In ta tashin ma ba a tsira ba: ina tsakiyar aiki a CorelDRAW, na buɗe hoto mai nauyi, sai allo ya yi baƙi ta sake kunna kanta, abin da ban adana ba ya bi ruwa.

Ƙanina ya ce a sake mata Windows. Na ce masa Windows ba ta san sanyi ba, kuma na'urar da ko tambarin farko ba ta nuna ba, ba ta kai inda Windows take ba tukuna. Na cire RAM, wato ma'ajiyar aikin wucin gadi ta kwamfuta, na goge na mayar, na canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod (babban allon cikin kwamfuta da sauran kaya ke jone da shi), CR2032 mai volt 3. Ba abin da ya sauya. Zargi ya koma kan akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak, wato akwatin ƙarfen nan da ke bayan kwamfuta inda wayar bango take shiga.

Aikinsa ɗaya ne. Yana karɓar wutar gida mai volt 230, ya sauke ta zuwa ƙananan layuka da kayan ciki ke iya sha. Tsarin da kusan duk kwamfutocin tebur ke bi, ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, kuma alherinsa shi ne launin wayoyin ba ya canzawa daga wannan kamfani zuwa wancan. Rawaya volt 12 ce, ja volt 5, ruwan goro volt 3.3, baƙaƙe duka ƙasa ne, wato volt sifili, hanyar da wuta ke komawa. A kan babban filogi mai ramuka 24 akwai wasu guda uku da babu irinsu: koriya, shunayya da mai ruwan toka. A kan waɗannan ukun labarin nawa ya rataya. Wasu kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni suna zuwa da nasu filogin na daban, to wannan bayanin bai shafe su ba. Tawa dai ta bi tsarin kowa.

Na zare akwatin daga cikin kwamfutar, sukurori huɗu ne a baya, na ɗora shi kan tebur. Gwajin da kowa ya sani shi ne a lanƙwasa ƙarfen maƙale takarda, a soka baki ɗaya a ramin koriyar waya, ɗayan a ramin baƙa, sannan a sa wuta. Koriyar ita ce madabod take haɗawa da ƙasa in an danna maɓalli, don haka ƙarfen yana yaudarar akwatin ne ya ɗauka an ce ya tashi. Na yi haka da rana tsaka, fanka ta ɗauka, iska na fita. Ƙanina ya ce, "Yaya, ka gani ko? Lafiyarsa ƙalau."

A nan mutane da yawa suke tsayawa, kuma a nan ake cutuwa. Juyawar fanka ba ta shaida komai sai cewa akwai wata wuta a layin volt 12. Fanka irin wannan za ta juya ko da volt 8 aka ba ta, kuma abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Akwatin da zai iya juya fanka bai zama lallai ya iya ɗaukar kwamfuta ba.

Sai na ɗauko mita, na'urar auna volt. Ƙa'idar ATX ta yarda kowane layi ya kauce da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa: layin 12 tsakanin 11.4 da 12.6, layin 5 tsakanin 4.75 da 5.25, layin 3.3 tsakanin 3.14 da 3.47. Da ranar nan duk suna cikin iyaka. Na bar shi ya kwana a tebur, da asuba bayan na dawo daga masallaci na sake aunawa, kuma na fara da shunayyar waya. Ita wannan tana ba da volt 5 muddin filogi na jikin bango, ko kwamfuta a kashe take. Da ita madabod ke zaune tana jiran a danna maɓalli. Mita ta nuna 4.3, lambar tana rawa, ta hau ta sauka. Na aro na'urar busar da gashi ta maiɗakina, na hura iska mai ɗumi ta ramukan akwatin na ɗan lokaci. Ina kallo lambar ta riƙa hawa har ta tsaya a 5. Na samu ɓarawon.

Abin da ke yin haka shi ne kwandansa, waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon kayan wuta da ke cikin akwatin. Aikinta irin na randa ne a gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa: tana tara wuta, tana cike giɓi, don abin da ke fita ya zama a daidaice. A cikinta akwai takarda jiƙe da wani ruwan sinadari. Zafi yana busar da ruwan a hankali cikin shekaru, in ya ragu sai kwandansar ta yi nauyin karɓa da bayarwa, sanyi kuma yana ƙara mata wannan nauyin. Shi ya sa cutar ta ɓuya duk bazara da damina, sai da iskar Disamba ta zo ta tona ta. Layin shunayya shi ya fi saurin tsufa, domin shi ba ya hutawa: ka kashe kwamfuta ka tafi barci, shi yana aiki, fanka kuwa a tsaye, babu mai fifita shi.

Kafin in kwance murfin na hau acaɓa zuwa Wunti wajen wani dattijo, abokin mahaifinmu, wanda ya tsufa a gyaran rediyo da talabijin. Na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, gyaran ba shi da wuya. Amma ka san abin da ke cikin manyan gwangwanayen nan biyu?" Na ce, "Baba, sai kun faɗa." Ya ce in ba zan iya haƙurin sauke wutar da ke cikinsu ba, in bar masa akwatin in tafi gida.

Ga abin da yake nufi. Wutar bango in ta shiga, ana miƙar da ita ta koma mai tafiya hanya ɗaya, sai ta taru a manyan kwandansoshi da ƙarfin da ya haura volt 300, domin ƙololuwar volt 230 tana kai wa 325. A tsofaffin akwatuna irin nawa kwandansa biyu ne masu volt 200 a jere suke raba wannan nauyin. A sababbi guda ɗaya ce babba mai volt 400 ko 450, kuma wutar cikinta takan kusanci 400. Zare filogi ba ya kwashe wannan wutar nan take. Akwai rezistoci, 'yan kayan da ke rage gudun wuta, da aka sa su tsotse ta a hankali, amma in ɗaya ta mutu, ba mai gaya maka, wutar tana nan zaune tana jiran yatsa. Wannan wuta ce da ke iya kisa. Faifan alminiyon da ke ɗauke da manyan tiransistoci ma, a wasu akwatunan akwai wuta a jikinsa in ana aiki.

Baba ya hana ni abin da yara masu koyo ke yi, wato haɗa ƙafafun kwandansa da bakin sukundireba ta yi tartsatsi. Ya ce hakan yana cin ƙafar, yana iya ƙona layin tagulla na allon, kuma ƙarar kan sa mutum ya firgita ya kai hannu inda bai kamata ba. Ya ba ni aron ƙwan fitila mai zare na wat 100, irin na da, a cikin mazauninsa da wayoyi biyu masu rufi. Irin wannan ƙwan ya fara wuyar samu tun da masu LED suka cika kasuwa, kuma na LED ba ya wannan aikin.

Na sayi abin da zan saya daga baya, domin sai na ga cikin tukuna. Na koma gida, na zare filogi, na bar akwatin ya huta, sannan na kwance sukurori huɗun murfin. Abin da na fara gani ƙura ce, ja, ta yi kauri a kan komai kamar an shafa, ta toshe tsakanin faifan alminiyon. Ƙurar hunturun shekaru ce fanka ta riƙa zuƙowa. Ban taɓa komai ba sai da na kwance allon na juya shi ta gefe, na sa mita a ma'aunin volt 1000 na auna ƙafafun manyan kwandansoshin da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu, ina tsaye kan takalmin roba. Akwai sauran wuta. Na taɓa wayoyin ƙwan a ƙafafun kowace, na sake aunawa, sai da mita ta nuna kusan sifili sannan na saki jiki. Na fita tsakar gida da busasshen burushin fenti na kakkaɓe.

Da allon ya fito fili sai ka ga an raba shi gida biyu. Ɓangaren da wutar bango ke shiga yana da fiyus, manyan kwandansoshi da tiransistoci. A tsakiya tiransfomomi ne masu naɗin rawaya. Ɗaya ɓangaren, inda dunƙulen wayoyi masu launi ke fita, shi ne na ƙaramar wuta, cike da ƙananan kwandansoshi a matse kusa da faifan alminiyo mai zafi. A nan ɓarnar take. Kan kwandansa mai lafiya a shafe yake, da 'yar tsaga da aka yi masa da gangan don in ta kumbura ta fashe ta nan. Biyu masu 2200µF (µF shi ne ma'aunin yawan wutar da kwandansa ke iya tarawa), volt 10, a layin 5 da na 3.3, kansu ya tashi, ɗaya har ta yi amai, wani abu ruwan ƙasa ya bushe a samanta. Ta layin shunayya, 1000µF, ita ma ta ɗan kumbura. Waɗannan biyun farko su suka bayyana min dalilin da ya sa kwamfutar ke sake kunna kanta. Wayar nan mai ruwan toka saƙo take kai wa madabod cewa wuta ta daidaita, a ci gaba da aiki. In aiki ya yi nauyi, layi ya yi rawa, sai akwatin ya janye saƙon, madabod kuma ta koma farko.

Fiyus lafiya lau, mita ta yi ƙara da na auna shi. Babu baƙin tabo ko warin ƙuna a ɓangaren babbar wuta. Wannan ne ya sa na ci gaba. Da na tarar fiyus ya yi baƙi, to da labari ya sha bamban, domin fiyus ba ya mutuwa haka kawai, akwai abin da ya kashe shi a gaba.

Na ɗauki hoton allon da waya ta kowace kusurwa, na rubuta lambar kowace kwandansa da wurinta a takarda, na koma Wunti. Baba ya duba takardar ya ce in ƙara da wata 'yar ƙarama, 47µF mai volt 50, da ke kusa da ƙaramin tiransfoma. Na ce, "Baba, ita ai ba ta kumbura ba." Ya ce ƙananan ba sa kumbura, bushewa suke yi a tsaye, kuma ita ce ke riƙe wutar da layin shunayya ke tashi da ita. Ya ce in zan canza, in canza na ɓangaren ƙaramar wuta duka, har da masu volt 16 na layin 12, tunda tare aka sa su, zafi ɗaya suka sha.

Wajen saye akwai sharuɗɗa. Lambar µF ta zama daidai da tsohuwar. Lambar volt ta zama daidai ko sama, ban da ƙasa. A jikinta a ga 105°C, ba 85°C ba. Sannan ta zama irin wadda aka yi don akwatin wuta da madabod, domin a nan wutar tana kunnuwa tana mutuwa sau dubbai a daƙiƙa guda, kwandansar rediyo ta gama-gari ba ta jure wannan, za ta yi zafi ta kumbura cikin watanni. Sai kuma kauri: wurin a matse yake, in ka sayo mai ƙiba ba za ta zauna ba. Sunayen da ake yabo su ne na Japan, irin su Nichicon, Rubycon da Panasonic, amma kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da waɗannan sunaye, har gara ka bi dattijon da ya san wanda yake saye a wajensa fiye da ka bi rubutun jikin roba. Wasu suna ciro kwandansa daga matattun madabod. Ni ban so haka ba, tsohuwa ce za ka maye gurbin tsohuwa da ita.

Batun 105°C ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya shafe mu a nan. Masu ƙera kwandansa suna da ƙa'idar cewa duk ragin digiri 10 na zafi yana ninka rayuwarta. Wadda aka rubuta mata awa 2,000 a 105°C, in tana zaune a 65°C za ta kai awa 32,000. In ƙura ta toshe iska, fanka ta yi nauyi, zafin wurinta ya kai 85°C, sai ya koma awa 8,000, wato ƙasa da shekara uku ga mai aikin awa takwas a rana. Ka tuna yadda ɗaki mai rufin kwano yake a Bauchi a watan Maris da Afrilu, sannan ka ƙara da ƙurar da na kakkaɓe. Akwatin da zai yi shekara goma a ofis mai sanyi a Turai, a ɗakina ba zai ga rabin haka ba.

Aikin dalma shi ya fi cin lokaci. Layukan tagullar ɓangaren ƙaramar wuta suna da faɗi, an kuma lafta musu dalma don su ɗauki wuta mai yawa, sai su riƙa shanye zafin ƙarfen narkar da dalma. Ƙaramin ƙarfe na wat 30 ba ya narkar da su, na wat 60 na yi aiki da shi. Dabarar da ta taimake ni ita ce in ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar tukuna, sai su narke tare, in ɗumama ƙafa ɗaya in karkata kwandansar kaɗan, in koma ɗayar, a hankali har ta fito. Ramin da ya toshe na buɗe shi da tsinken sakace yayin da dalmar ke narke. Ɗaya bayan ɗaya nake yi, in cire in sa sabuwa kafin in taɓa ta gaba, don kada wurare su rikice. Kowace kwandansa tana da gefen da aka ja wa layi mai haske, ƙafar wannan gefen ita ce ta ragi, wato mai alamar (−), kuma ita ce gajera a sabuwa. In aka juya ta, fashewa take yi da an sa wuta. Kowace sai na duba hoton wayata kafin in narka.

Akwai wani gam da masana'anta ke zubawa don riƙe kayan. Asalinsa ruwan ƙwai ne, amma inda zafi ya dafa shi ya koma baƙi-baƙi yana iya fara wuce da wuta yana cin ƙafafun kaya. Na kankare duk wanda ya ƙone. Fankar kuma na ɓare takardar bayanta, na ɗiga mata man keken ɗinki a kan sandar, na juya ta da yatsa har ta saki, na liƙe.

Ban sa shi a bango kai tsaye ba. Na yanka wayar wuta ta wani tsohon soket mai doguwar igiya, na saka ƙwan Baba a tsakani, ta yadda duk wutar da za ta shiga akwatin sai ta ratsa ta cikin ƙwan. In akwai inda dalma ta haɗe layi biyu, ƙwan zai kama da haske ya tsaya a haka, ya shanye wutar, ba abin da zai fashe. In lafiya, zai yi walƙiya sau ɗaya lokacin da manyan kwandansoshi ke cika, ya dushe. Na mayar da murfi, na duba ɗan jan makunnin da ke bayan akwatin yana kan 230. Wannan makunnin ya kashe akwatuna da yawa a ƙasar nan, domin kayan gwanjon da suka fito daga Amurka sukan zo yana kan 115, a soka a bango, sai ƙara da hayaƙi. Na kunna. Ƙwan ya yi walƙiya ya dushe. Shunayya ta nuna 5.05, ba rawa.

Sai gwajin da ya fi muhimmanci, wato da kaya a kansa. Na cire ƙwan daga layi, na jona tsohon had-disk da ba na jin asararsa, na kuma haɗa ƙwan fitilar mota na wat 55 tsakanin rawaya da baƙa, wanda ke jan sama da amfiya 4. Na soka ƙarfen takarda. Ƙwan motar ya haska ɗakin, layin 12 ya tsaya a 11.9, na 5 a 5.1, na 3.3 a 3.35, mai ruwan toka ta hau 5. Na bar shi a haka wajen awa guda ina leƙa mita, ina shinshina iskar da ke fita. Mita irin tawa matsakaicin wuta kawai take nunawa, ba ta ganin ƙananan rawar da ke kansa, wadda ƙa'ida ta ce kada ta wuce milivolt 120 a layin 12 da 50 a sauran biyun. Wannan sai da na'urar da ke zana wuta a allo. Abin da na dogara da shi shi ne na canza duk kwandansoshin da ke da alhakin danne wannan rawar, da irin da ya dace. Na mayar da shi cikin kwamfutar, ta tashi a dannawa ɗaya, na buɗe mata manyan hotuna ta riƙe. Yanzu in na tashi daga aiki a bango nake kashewa, don layin shunayya ya samu hutu, kuma don in wuta ta dawo da hauka cikin dare kada ta same shi a jone.

Da labari ya kai wa wani maƙwabcinmu mai shagon buga takardu, sai ya aiko yaronsa da nasa akwatin da ya mutu ranar da janareta ya yi sama da wuta. Tun a hannu na ji ba shi da nauyi, alhali an rubuta masa wat 650 a jiki. Na sauke wutarsa na buɗe. Fiyus ya yi baƙi ƙirin, tiransistoci biyu na ɓangaren babbar wuta sun haɗe ta kowace ƙafa, rezistocin kusa da su sun zama gawayi, wuraren da ya kamata a sa matatar wuta a bakin shiga kuwa an tsallake su da guntun waya tun daga masana'anta. Ko na canza duk abin da ya ƙone, akwatin da zan samu a ƙarshe shi ne wanda zai iya tura wutar banza cikin madabod da had-disk ɗin mutum ran da ya sake faɗuwa. Na je har shagon na ce, "Alhaji, wannan kam ku sayi wani, kuma ku ɗaga shi a hannu kafin ku biya, ku zaɓi mai nauyi." Ya ce in riƙe gawar. Na cire fankar da wayoyin, sauran na ajiye wa masu sayen gwangwan.